Yadda Muka Kai Takarkari Shaida Barikin Sojan Sama

Ina rumfata a kasuwar Kurfi ina auna wa wata tsohuwa gero, sai masinjan hakimi ya tsaya a kaina da ambulan mai ruwan ƙasa. Ya ce, "Malam Isiyaku, daga Kaduna, daga wurin soja." Tiya ta suɓuce daga hannuna, gero ya watse. Wata uku ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, kuma duk wanda ƙanensa ke tuƙa jirgin sama ba ya son ganin takardar soja.

Na kai wa hedimasta ya karanta, don Turancina bai wuce na elemantare ba. Ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau ya share ido. Na ce, "Malam, faɗa mani kawai, na iya haƙuri." Ya ce, "Sada lafiya lau yake. Dariya nake ƙoƙarin dannewa."

Tun da na dawo daga wannan tafiya ba ni da sakat. A ƙofar masallaci, a rumfa, har wurin zaman suna, sai an ce, "Malam Isiyaku, wai da gaske ne sa ya shiga bariki da fasa ta izinin shiga a ƙaho?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce gara in rubuta sau ɗaya.

Sada ƙanena ne, shi ne autanmu. Laftanan ne a sojan sama, yana cikin 'yan ƙalilan da aka kai ƙasar Turawa suka koyo tuƙin jirgi. Da ciwon Inna ya tsananta cikin marka, muka buga masa waya. Ya sami izini, ya hawo jirgin ƙasa zuwa Funtuwa, ya sami mota zuwa Dutsin-Ma. A nan ya tarar gulbi ya kawo ya cinye hanyar Kurfi, kwana uku ba motar da ta ƙetare. Abin hawa ɗaya ke shiga ruwan, shi ne takarkarin wani Malam Tanimu, sa mai suna Na-Allah. An sa masa wannan suna don ba ya tafiya sai Allah ya nufa. Shi Sada ya hau, da kakinsa da takalmansa. Ya iso Kurfi bayan la'asar. Mun kai Inna makwancinta bayan azahar.

Ana gobe za ta rasu ta kira ni. Ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai, in Auta ya zo ba ni nan, ka ce masa ya sauko haka nan. Ƙasa ma ta ishi mutum." Sada ya yi kwana uku a gida, ban sami bakin faɗa masa ba.

To, a ƙa'idar soja, in hafsa ya yi tafiya da izini ana mayar masa da kuɗin hanya. Akawu ya tambaye shi abin da ya hau daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, ya faɗi gaskiya, akawu ya rubuta. Ashe a lokacin an kama waɗansu hafsoshi suna rubuta tafiye-tafiyen da ba su yi ba, an kafa kwamiti yana bin takardu ɗaya-ɗaya. Da suka iso kan takardar matuƙin jirgin sama da ya ce ya hau sa, sai suka ce ɗayan biyu ne, ko ƙarya ko raini. Aka dakatar da shi daga tashi da jirgi, aka rubuto mani in zo da duk shaidar da nake da ita.

Cikin ambulan ɗin akwai wata 'yar takarda da hannun Sada. Ya ce, "Yaya, kada ka wahalar da kanka. In sun ce ƙarya na yi, zan aje masu kakinsu in dawo gida."

Na daɗe riƙe da ita. Na ga in na yi zamana a rumfa, abin da Inna ke so zai faru da kansa, ba sai na buɗe baki ba. Amma zai sauko da sunan maƙaryaci, kuma ba haka ta ce ba.

Hedimasta ya ce rasit suke so. Na hau keke na tafi Dutsin-Ma wurin Malam Tanimu. Ya ce, "Rasit? Ai ni da Na-Allah ba wanda ya yi boko." Sai na biya wurin muhuti, magatakardan alƙali, wanda muka yi makarantar allo tare, na nemi shawara. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Isiyaku, shekara nawa kana zuwa kotun ga kallo? Ka taɓa ganin an yi shari'ar dabba babu dabbar? Ba a siffanta ta, kawo ta ake yi." Na ga gaskiyarsa. Ko a kan akuya aka yi gardama a wurinmu, sai an jawo ta gaban alƙali. Ban ga dalilin da soja za su bambanta ba.

Malam Tanimu ya yarda, bisa sharaɗin ƙafarsa ƙafar Na-Allah. Ya ce, "Tun yana maraƙi bai taɓa kwana inda ba ni ba. Uwargida ma ta san da haka, ta haƙura."

Muka sami motar gyaɗa mai zuwa Funtuwa. Direba ya ce shi bai taɓa ɗaukar fasinja mai ƙaho ba, amma bai ƙi ba. Matsalar ita ce hawa. Aka ja motar da baya har gindin wani tudun juji, aka shimfiɗa katako, mutum takwas suna turawa, Malam Tanimu yana gaba yana lallashi da dusa. Na-Allah ya tsaya a tsakiyar katakon yana tuƙa, rabin kasuwa na ba da shawara. Sai da kowa ya gaji ya saki, sannan ya taka ya shiga da kansa. Kafin Ƙanƙara ya huda buhu biyu. Mai gyaɗar ya waiwayo ya ga ɓawo na zuba daga bakinsa, ya ɗora hannu a ka. Malam Tanimu ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji, baƙo ne, bai san ta sayarwa ba ce."

A Funtuwa muka gamu da iyakarmu ta farko. Dabba ba ta hawa jirgin ƙasa sai da takardar malamin dabbobi. Takardar tana da gida uku: yanka, sayarwa, kiwo. Malamin ya ɗaga alƙalami ya ce, "Wanne?"

Na ce, "Ba ko ɗaya. Shaida zai ba da."

Ya aje alƙalami. Ya dube ni, ya leƙa ta taga ya dubi san. Ya ce, "A kan wa?"

Malam Tanimu ya ce, "Ba a kan kowa ba, ranka ya daɗe. Wanke wani zai yi."

Malamin ya kira abokin aikinsa daga ɗaki na gaba don shi ma ya ji da kunnensa. Daga ƙarshe ya zana gida na huɗu da hannunsa a gefen takardar, ya buga hatimi, ya ce in mun dawo mu biyo mu gaya masa yadda aka ƙare.

Aka sa Na-Allah a taragon shanun da za a kai kudu yanka. Malam Tanimu ya ƙi zama da mu, ya shige cikinsu da tabarmarsa, ya ce kada a yi kuskure. A Zariya na sauka alwala, sai na ga an kwance taragon shanu ana janye shi baya. Na bi shi a guje da buta a hannu, ina ihu, "Ku tsaya, akwai shaida a ciki!" Malam Tanimu ya leƙo ta tsakanin katako yana ɗaga mani hannu kamar mai tafiya Makka. Ashe canza layi kawai suke yi. Wani mai jar tuta ya riƙe ni ya ce, "Baba, ka taɓa hawa jirgi kuwa?" Na ce ƙanena ma na sama yake tuƙawa. Ya ce, "To, kai dai koma ka zauna."

A Kaduna muka sauka gidan wani Bakatsine, Alhaji Ɗahiru, dillalin shanu. Mutumin kirki ne, sai dai sana'a ta bi jikinsa. Kafin mu gama gaisawa ya riga ya latsa tozon Na-Allah ya buɗe bakinsa ya duba haƙori. Da safe mahauta uku suka zo taya. Malam Tanimu ya kore su, ya jawo tabarmarsa ya shimfiɗa a bakin turke. Abinci kuwa, aka kawo mana wani tuwon garin rogo da suke kira teba. Malam Tanimu ya danna shi da yatsa, ya ga ya dawo. Ya ce, "Wanga da rai gare shi." Ya miƙa wa Na-Allah, shi ma ya shinshina ya kau da kai. Mutanen Kaduna ba su da laifi, amma gaisuwarsu gajera ce. Ka ce ina kwana, kafin ka kai ga tambayar iyali mutum ya sha kwana.

Iyaka ta biyu ita ce ƙofar bariki. Akwai sandar ƙarfe a gicciye, da kofur mai babban littafi. Ya rubuta sunana, ya ba ni fasa na kwali mai igiya in rataya a wuya. Ya yi wa Malam Tanimu haka. Sannan ya dubi na ukunmu.

"Wannan fa?"

Na nuna masa takardar kwamiti da ta malamin dabbobi. Ya karanta yana motsa leɓe. Ya ce doka ta ce duk mai shiga sai an rubuta shi, kuma doka ba ta ce mutum kaɗai ba. Ya tambayi suna, aka faɗa. Ya tambayi gari, aka faɗa. Ya ce, "Muƙami?"

Malam Tanimu ya ce, "A gidanmu daga ni sai shi."

Igiyar fasa ba ta zagaye wuyan Na-Allah ba, sai aka rataya a ƙahon dama. Saboda haka masu tambaya, i, gaskiya ne.

Aka kira Sada. Na hango shi tafe, ya rame, kakin ya yi masa yawa. Ya durƙusa zai gaishe ni, sai idonsa ya faɗa bayana. Ya miƙe a hankali. Ya ce, "Yaya, mi ka yi mani haka?" Na ce shaida suka ce, ga ta. Ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ciwon Inna. Da ya gama, ya matsa ya dafa wuyan san, ya daɗe a haka yana duban wani wuri. Muka ƙyale shi.

Ya kai ni ɗakin cin abincin hafsoshi. A wurinmu ana kawo tuwo da miya tare. Su sai suka kawo miya ita kaɗai, tsululu, a faranti. Na naɗe hannun riga na zauna jiran tuwo. Ina jira, wani mai farar riga ya zo ya ɗauke miyar. Can aka kawo dankali da nama, babu miya. Na ce wa Sada, "Gidan nan ba su shiri da juna ne a madafa?" Ya ce in ci kawai, kuma in daina gaida mai ɗauke faranti duk zuwansa.

Kwamiti mutum uku ne. Akwai Manjo, shi ne shugaba, dattijo mai sanyin magana. Akwai Kyaftin mai kula da takardun kuɗi, siriri mai tabarau, wanda shi ya tono maganar. Akwai wani Bature mai koyar da tuƙi, wanda fuskarsa ta yi ja tun kafin a fara. Da yake shaida ba ta shiga ƙofar ofis, sai aka fito da tebur gindin dalbejiya, kusa da filin jirage.

Na faɗi abin da na sani. Malam Tanimu ya faɗi nasa, ya ƙara da tarihin uwar Na-Allah, sai da Manjo ya tsayar da shi. Kyaftin ya buɗe littafin ƙa'ida ya ce akwai mota, akwai babur, akwai keke, akwai doki, babu sa. Ya ce kuma takarda ta nuna Laftanan ya tashi da hantsi bai isa ba sai bayan la'asar, alhali mai tafiya a ƙasa ma ya riga shi. Ya ce babu abin hawan da ya fi ƙafa jinkiri.

Malam Tanimu ya ji haushi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kada ka raina shi. Wallahi ya fi haka jinkiri in ya so. Hau ka gani."

Manjo ya ce ai wannan magana ce mai kyau. Kyaftin ya so ya zame, amma sojoji sun taru. Aka cicciɓa shi ya hau, agogo a hannu, aka ce daga dalbejiya zuwa tutar can. Ya ce, "Tafi." Na-Allah ya lumshe ido. Ya zungure shi da dunduniya. Na-Allah ya ci gaba da tuƙa. Baturen ya duba nasa agogon ya ce minti goma sha biyu, taku uku, ɗaya ma na baya ne.

Ana cikin haka aka tayar da injin wani jirgi a bayan rumfar kwano, kusa da mu. Ni kaina sai da na dafe ƙirji. Na-Allah ya ɗaga wutsiya ya zabura. Jama'a, na ga dawakai na ga raƙuma, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Kyaftin ya rungume tozo, tabarau ya yi gabas, agogo ya yi yamma, fasa na kaɗawa a ƙaho. Na-Allah ya tsallake lambatu, ya bi ta tsakiyar masu fareti, suka watse ba da umarni ba. Sai da ya kai tsakiyar filin saukar jirage ya ci birki, Kyaftin ya wuce ta kansa ya sauka a ciyawa. Shi kuwa ya sunkuya ya kama kiwo. Akwai jirgi a sama yana son sauka, ya yi ta kewaya kamar shirwa. Soja goma suka ja, bai motsa ba, sai da Malam Tanimu ya je da ƙwaryar dusa.

Kowa na riƙe da ciki. Manjo ya kifa kai a tebur. Malam Tanimu ya dawo yana haki, yana jin daɗi, ya ce, "Kai! Ashe yana da gudu! Da mun sani, ran nan da mun sa an kunna mana jirgi a bayansa, da tun kafin azahar mun isa Kurfi."

Ya faɗa ne don a yi dariya, kuma an yi. Ni da Sada ne kawai ba mu yi ba. Malam Tanimu ya dube mu, ya tuna, ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya jiƙan ta." Manjo ya tambaya ko wace ce. Sai a lokacin kwamiti ya san abin da ya kai Sada gida, da abin da ya tarar. Sada bai rubuta a takarda ba, babu gidan da za a rubuta wannan.

Ba a daɗe ba aka yanke. An wanke Sada. Kyaftin, da bandeji a goshi, ya zo da kansa ya ba shi hannu ya yi masa ta'aziyya, na kuma riƙe masa wannan. Saura yadda za a shigar da Na-Allah a littafi. Baturen ya ce a sa shi a layin keke. Malam Tanimu ya ce bai yarda ba. Aka sa shi a layin doki.

Bayan an watse Manjo ya kira ni ofis, ya sa aka ba ni kujera. Ya jawo aljihun tebur ya nuna mani wata takarda. Ya ce, "Malam, wannan ta barin aiki ce, ƙanenka ya kawo tun makon jiya, na ƙi sa hannu. Matuƙanmu ba su da yawa. Kowane ɗaya sai an yi shekaru ana koya masa, da ya ƙware sai kamfanonin jiragen fasinja su janye shi da albashi, ko mu da kanmu mu ɓata masa rai a kan abin da bai kai ya kawo ba, kamar yadda ka gani. Shi wannan ba kuɗi ne ke jansa ba. Ya ce mani ya koyi abin da ke kai mutum Ikko kafin shayi ya huce, amma bai kai shi wurin uwarsa ba. Kai ne babba. In ka ce ya tsaya, zai tsaya. In ka ce ya taho, ba mai riƙe shi."

Na ce zan duba. Maganar Inna tana bakina a lokacin, kamar goron da ban tauna ba.

Washegari da hantsi aka mayar da Sada kan jirgi, ya ce in zo in gani. Aka ɗaure Na-Allah nesa, da igiya biyu. Na ga ƙanena ya sa wata hula mai rufe kunne, ya zagaya jirgin yana shafa shi, yana leƙa ƙarƙashinsa, daidai yadda Malam Tanimu ke duba kofaton sansa kafin tafiya. Ya shiga, ya tashi. Na bi shi da ido har wuyana ya gaji. Da ya sauko ya cire hular, fuskarsa ta koma irin ta lokacin da yake yaro in ya dawo daga wanka a gulbi. Wata uku ban ga wannan fuska ba.

Ya raka mu tasha. An shigar da Na-Allah tarago, Malam Tanimu na ciki yana gardama da wani a kan wurin tabarma. Muna tsaye mu biyu, Sada ya ce, "Yaya, tun ran nan nake son in tambaye ka. Inna ta bar wata magana domina?"

Na ce, "Ta yi maka addu'a."

Gaskiya ne, ta yi. Ya jira ko akwai saura. Na gyara riƙon butata. Ya ce, "To, Manjo ya ce ya yi magana da kai. Mi ka gani?" Na ce, "Karɓo takardarka ka yaga. Mutum ba ya barin aiki da ɓacin rai." Ya ce to.

Mun biya ta Funtuwa mun ba malamin dabbobi labari kamar yadda muka yi alkawari. Na-Allah ya koma Dutsin-Ma, fasa na nan rataye a zauren Malam Tanimu, kuma yanzu ba ya yarda kowa ya hau sai ya fara jin labarin. Ni ma an aiko mani takardar kuɗin hanya, tun da shaida na je. Inda aka tambayi abin da na tafi da shi na rubuta gaskiya. Makon jiya wani sabon akawu ya rubuto yana neman ƙarin bayani.

Sada yana can yana tashi. Duk wata yana rubuto mani, ni ma ina mayar masa da labarin gona da na yara. Sau uku ina fara rubuta masa abin da Inna ta ce, sai in tsaya a kan sunanta. Ta ba ni saƙo, kuma har yau ban isar ba.